CIWON KAFAƊA: YADDA HOTON SAUTI KE GANO JIJIYAR DA TA YAGE

Gabatarwa

Ciwon kafaɗa yana cikin na gaba-gaba wajen kai manya asibiti a kan abin da ya shafi ƙashi da gaɓoɓi. Sau da yawa akan ga magidanci ya faɗi daga kan babur, ko ya cicciɓi buhu da ƙarfi, ya ji kamar wani abu ya tsinke a kafaɗarsa. Ya je asibiti a ɗauki hoton ƙashi, a ce masa babu karaya, babu gocewa. Ya koma gida yana murna, amma wata ya wuce, na biyu ya bi baya, hannu ya ƙi ɗaguwa, kwanciya kuma ta gagara a wannan ɓarin. Daga nan sai zato iri iri ya taso. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce tsufa ne, wani ma ya ce jifa ne.

Abin da ya kamata jama'a su sani shi ne, hoton ƙashi, ƙashi yake nunawa. Idan ya nuna babu karaya, wannan ba shaida ba ce cewa kafaɗa lafiya take, domin jijiyoyin da ke riƙe da ita ba sa fitowa a cikinsa. Akwai wata na'ura dabam mai nuna su, watau na'urar hoton sauti, wadda jama'a suka fi sani da sunan sikanin, irin wadda ake duba mata masu juna biyu da ita. An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana yadda take gano jijiyar kafaɗa da ta yage, da abin da ya kamata mai ciwo ya yi.

Yadda kafaɗa take

A Hausa kalmar jijiya tana ɗauke da ma'ana uku. Akwai jijiyar da jini ke bi, akwai mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa sassan jiki, akwai kuma wadda ke ɗaure tsoka a jikin ƙashi, farar nan mai tauri da ake gani a ƙarshen tsokar ƙafar dabba, wadda ake kira agara. Wannan ta ukun ita ake nufi a duk cikin wannan bayani.

Babu wata gaɓa a jikin mutum da ta kai kafaɗa sakewa. Tana kai hannu sama da ƙasa, gaba da baya, har ta juya shi kewaye. Dalili kuwa shi ne gurbin da kan ƙashin damtse yake zaune a ciki ba shi da zurfi. Ƙashin cinya yana zaune a gurbinsa ne kamar taɓarya a cikin turmi, amma na damtse zamansa kamar na ƙwarya ne a kan gammo: ta zauna, amma sai da hannu a riƙe. Masu wannan riƙo su ne tsokoki huɗu da suka taso daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu suka lulluɓe kan ƙashin damtse. Ɗaya tana gaba, ɗaya tana sama, biyu suna baya. Su ke danne kan ƙashin a gurbinsa, sa'an nan babbar tsokar da ke waje ta sami damar ɗaga hannu.

Ta saman ita ce ta fi yawan yagewa, saboda tana bi ta wani matsattsen wuri ne, tsakanin kan ƙashin damtse da wani ƙashi da ya yi mata rumfa daga sama, ga shi kuma jini bai wadaci ƙarshenta sosai ba.

Yadda jijiya ke yagewa

Yagewar iri biyu ce. Ta farko ita ce ta farat ɗaya: mutum ya faɗi ya dafa ƙasa da hannu, ko ya fizgi abu mai nauyi, ko kafaɗarsa ta goce. Wanda ya haura shekara 40 kafaɗarsa ta goce, sau da yawa akan tarar jijiya ta yage tare da gocewar, ko da an mayar da ƙashin gurbinsa.

Ta biyu ita ce ta sannu a hankali, kuma ita ta fi yawa. Kowa ya san yadda igiyar guga ke cinyewa a bakin rijiya, zare ɗaya bayan ɗaya, har ranar da za ta tsinke da gugan da ta saba ɗauka kullum. Haka jijiya take yi da shekaru. Waɗanda aikinsu ke sa su ɗaga hannu sama da kai a kullum, kamar magina, da masu fenti, da 'yan dako, da masunta masu jefa taru, da mata masu daka, sun fi fuskantar wannan. Shan taba da ciwon sukari su ma suna raunana jijiya.

Haka kuma yagewar takan bambanta wajen zurfi. Wani lokaci jijiyar ta ci ne ta gefe ɗaya ba ta ɓule ba, kamar gwiwar wandon da ta yi shara-shara. Wani lokaci kuwa ta ɓule daga sama har ƙasa, ko ma ta saki ƙashin gaba ɗaya ta janye.

Alamomin da ake gani

Mai wannan ciwo yakan ji zafi a gefen kafaɗa ta waje, yana sauka zuwa tsakiyar damtse. Zafin ya fi tsananta da dare, musamman in ya kwanta a kan wannan ɓarin. Yakan sha wuya wajen sa riga, ko ɗaura ɗankwali, ko kai hannu baya, ko sauko da abu daga kan kanta. Idan yagewar babba ce, hannu yakan rasa ƙarfi: in wani ya ɗaga masa shi zai ɗagu, amma da an saki sai ya faɗo.

Sai dai waɗannan alamomi ba na yagewar jijiya kaɗai ba ne. Akwai sandarewar kafaɗa, wadda ta fi kama masu ciwon sukari, inda ko wani ne ya kama hannun ba zai ɗagu ba. Akwai ciwon da asalinsa daga wuya yake. Akwai lalacewar kan ƙashin damtse da kan sami masu cutar sikila. Kowanne da maganinsa. Saboda haka ne likita, bayan ya saurari bayani ya kuma gwada ƙarfin hannu, yakan so ya ga jijiyar da idonsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Mene ne hoton sauti?

Duk wanda ya taɓa yin kira a gindin dutse, ko ya leƙa rijiya mai zurfi ya yi magana, ya ji muryarsa ta dawo masa. Wannan ita ce amsa-kuwwa. Gwargwadon nisan abin da muryar ta buga, gwargwadon jinkirin dawowarta. Da wannan hanya jemage ke tafiya cikin duhu ba ya karo da kome: yana fitar da sauti, yana sauraron dawowarsa.

Kunnen mutum ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce sau 20,000 a sakan guda. Na'urar da ake duba kafaɗa da ita kuwa tana fitar da sauti mai kaɗawa kimanin sau miliyan 7 zuwa miliyan 15 a sakan. Sautin yana ratsa naman jiki da gudun kimanin mita 1,540 a sakan. Duk inda ya tarar da iyaka tsakanin abu biyu, kamar tsakanin kitse da tsoka, ko tsoka da jijiya, ko jijiya da ƙashi, sai wani sashe nasa ya dawo. Na'urar ta auna lokacin da ya ɗauka da kuma ƙarfin da ya dawo da shi, ta mayar da wannan hoto a kan allo irin na talabijin. Tana yin haka sau da yawa a cikin kowane sakan, shi ya sa ake ganin jijiyar tana motsi a daidai lokacin da hannu ke motsi.

Asalin wannan ilmi ya daɗe. A shekarar 1880 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa akwai wasu duwatsu masu ƙyalli da ke fitar da lantarki in an matsa su. Daga baya aka tabbatar cewa in an sa musu lantarki su ma sukan motsa. Irin wannan abu ne ke cikin kan na'urar, shi ke fitar da sautin, shi ke kuma karɓarsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko an yi ƙoƙarin amfani da amsa-kuwwa wajen neman jiragen ruwa masu tafiya ƙarƙashin teku. A shekarar 1958 Farfesa Ian Donald na birnin Gilasgo da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon duba cikin marasa lafiya da sauti, daga nan aikin ya bazu a asibitocin haihuwa. Duba kafaɗa da shi ya fara ne a ƙarshen shekarun 1970, ya kuma kankama a tsakiyar shekarun 1980. Kafin nan, in ana son a san ko jijiya ta ɓule, sai an yi wa mutum allurar wani ruwa a cikin gaɓar, a ɗauki hoton ƙashi, a ga ko ruwan ya yoyo zuwa inda bai kamata ba.

Ya kamata a bambance wannan na'ura da ta hoton ƙashi, wadda Bajamushen nan Wilhelm Rontgen ya gano haskenta a shekarar 1895. Hasken hoton ƙashi yana ratsa nama ya wuce, ƙashi ne ke tare shi, kuma ba a so a yawaita haska mutum da shi ba bisa dalili ba. Hoton sauti ba ya amfani da wannan haske ko kaɗan, ana iya maimaita shi duk sa'ad da bukata ta taso.

Yadda ake yin gwajin

Babu wani shiri mai wuya. Ba a hana mutum cin abinci, ba a sa shi ya sha ruwa ya riƙe fitsari kamar yadda akan yi wajen duba mara. Ba allura, ba yanka. Abin da ake bukata kawai shi ne kafaɗa ta kasance a buɗe. Mace tana iya ɗaura zane a ƙirji, tana kuma da ikon neman a sa ma'aikaciya mace ta tsaya a ɗakin.

Mai ciwo zai zauna a kan kujera. Mai dubawa zai shafa wani mai mai santsi a kan fata, domin ko 'yar iska kaɗan ta shiga tsakanin kan na'urar da fata, sautin ba zai shiga jiki ba. Sa'an nan ya ɗora kan na'urar, ya bi jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Da farko za a ce mutum ya ɗora hannu a cinya, tafi yana duban sama. Sai a juya hannun waje domin a ga jijiyar gaba. Sai a ce ya kai tafin hannunsa baya kamar mai laluben aljihun baya na wando, domin wannan shi ke fito da jijiyar sama daga ƙarƙashin rumfar ƙashin nan. Daga ƙarshe ya dafa ɗaya kafaɗar da hannun, a duba na baya. Kai hannu baya yakan ɗan yi zafi ga mai ciwo, ya kamata ya faɗa in ya ji, domin inda zafin yake shi ma bayani ne ga likita. Galibi duk aikin ba ya wuce minti 15 zuwa 30. Akan kuma duba ɗaya kafaɗar mai lafiya domin a gwama.

Abin da likita ke gani

Jijiya mai lafiya takan fito fari-fari a kan allo, da layuka a jere kamar zaren da masaƙi ya miƙe, tana kwance a kan ƙashi. Ruwa kuwa baƙi yake fitowa. Idan jijiya ta ɓule, sai a ga layukan sun katse, wani baƙin gurbi ya shiga tsakani, ko a ga tsokar da ke sama ta lotsa ta faɗa cikin gurbin. Idan ta janye da nisa, ba za a gan ta ba sam a inda ya kamata ta kasance. Mai dubawa zai auna faɗin yagewar da nisan janyewar, ya kuma duba ko tsokar ta rame. Waɗannan su ne abubuwan da likitan ƙashi zai dogara da su wajen yanke shawara.

Ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken likitoci na ƙasashe dabam dabam tana tace shi, ta wallafa wani nazari a shekarar 2013. Nazarin ya nuna cewa idan jijiya ta ɓule gaba ɗaya, hoton sauti yana gano kimanin 9 cikin 10, kusan daidai da babbar na'urar maganaɗisu da ake kira MRI, wadda ta fi tsada ƙwarai, ba kuma kowane gari ake samunta ba. Amma wajen ƙananan yagewa da ba su ɓule ba, hoton sauti yakan rasa da dama daga cikinsu.

Iyakar na'urar

Na farko, sauti ba ya ratsa ƙashi. Abin da ke can cikin gaɓa, bayan ƙashi, ba ya fitowa sosai. Don haka hoton sauti bai kori hoton ƙashi ba. Wanda ya faɗi, akan fara ɗaukar masa hoton ƙashi ne domin a tabbata babu karaya ko gocewa. Wani lokaci kuma likita zai nemi MRI, musamman in ana shirin tiyata.

Na biyu, ingancin gwajin yana hannun mai yinsa. Idan aka ɗan karkata kan na'urar, jijiya mai lafiya sai ta fito baƙa kamar ta yage. Wanda bai ƙware ba sai ya rubuta ciwon da babu shi, ko ya tsallake wanda ke akwai. Har ila yau, kan na'urar da ake duba ciki da shi dabam yake da na duba kafaɗa. Saboda haka ba kowane wurin da aka rubuta ana yin sikanin ne zai iya duba kafaɗa ba.

Na uku, ba duk yagewar da aka gani ce ke jawo ciwo ba. A shekarar 1999 likitoci a ƙasar Jamus sun duba mutum 411 'yan shekara 50 zuwa sama, waɗanda ba su da wani ciwon kafaɗa. Sun tarar da yagewa a kashi 23 cikin 100. A cikin 'yan shekara 50 zuwa 59 kashi 13 ne, amma a cikin waɗanda suka kai 80 abin ya ɗan haura rabi. Ma'anar wannan ita ce, dattijon da aka ce masa an ga yagewa kada hankalinsa ya tashi. Likita yana haɗa abin da hoto ya nuna ne da abin da mutum ke ji da kuma ƙarfin hannunsa.

Bayan an gano

Yawancin masu yagewar sannu a hankali ba sa bukatar tiyata. Akan ba su maganin rage zafi na ɗan lokaci, a ce su rage aikin ɗaga hannu sama, a tura su sashen gashin ƙashi inda za a koya musu motsa jiki na musamman domin ƙarfafa sauran tsokokin. Wannan yana bukatar haƙuri na kimanin wata uku. Wani lokaci akan yi allurar rage kumburi, hoton sauti kuma yana taimakawa wajen kai allurar daidai inda ake so. Amma ba a yawaita ta, domin yawanta yana raunana jijiya.

Wanda kuwa jijiyarsa ta tsinke farat ɗaya, hannu ya rasa ƙarfi nan take, shi ne bai kamata ya yi jinkiri ba. Jijiyar da ta saki ƙashi ba ta komawa ta kama shi da kanta. Tsoka tana ta janta baya, ita ma tsokar, da yake ta daina aiki, sai ta rame, kitse ya maye gurbinta. Idan an kai wannan matsayi, ko an ɗinke ba lalle ne ɗinkin ya riƙe ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka yi wa tiyata yakan rataye hannu na kimanin mako huɗu zuwa shida, sa'an nan ya shiga gashi da motsa jiki, cikakken ƙarfi kuwa yakan ɗauki wata shida zuwa shekara guda.

Ɗori da kara ba ya haɗa jijiyar da ta yage, daɗewa da hannu a ɗaure kuma yana sandarar da kafaɗa. Ja da murza da ƙarfi suna iya ƙara yagewar. Tsaga da ƙaho ba sa kaiwa inda ciwon yake. Haka nan sayen ƙwayoyin kashe zafi ana sha wata da watanni ba da shawarar likita ba yana iya jawo gyambon ciki da lahani ga ƙoda.

Inda za a nufa

A fara da asibiti mafi kusa, likita ya duba, shi zai rubuta takardar turawa gaba in akwai bukata. Gwamnatin Tarayya tana da asibitocin ƙashi, a cikinsu akwai na Dala a Kano, da na Igbobi a Legas, da na Inugu. Akwai kuma asibitocin koyarwa na jami'o'i, kamar na Zariya, da Kano, da Sakkwato, da Maiduguri, da Jos, da Ibadan, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, da cibiyoyin lafiya na Tarayya a jihohi. A irin waɗannan wurare ne aka fi samun likitocin ƙashi da likitocin hoto. Ba laifi ba ne mai ciwo ya tambaya ko wanda zai duba shi ya saba duba kafaɗa. A riƙa adana takardar sakamako, a je da ita duk sa'ad da za a ga likita.

Abubuwan da za a kiyaye

1. Wanda ya faɗi ko ya ji rauni, hannunsa ya ƙi ɗaguwa bayan mako ɗaya ko biyu, ya koma asibiti ko da an ce masa babu karaya.

2. Ciwon kafaɗar da ya wuce mako shida, ko yake hana barci, a kai shi ga likita.

3. Idan kafaɗa ta kumbura ta yi zafi, ga kuma zazzaɓi, a tafi asibiti a ranar.

4. Idan ciwon kafaɗa ko na hannu, musamman na hagu, ya zo tare da nauyin ƙirji, da gumi, da ƙarancin numfashi, a garzaya asibiti nan da nan, domin yana iya zama ciwon zuciya.

5. Masu ciwon sukari da masu sikila su shaida wa likita tun da farko.

6. Masu aikin ƙarfi su riƙa ɗaukar kaya kusa da jiki, su taka wani abu maimakon miƙa hannu sama da kai na tsawon lokaci, su kuma nemi taimako wajen kaya mai nauyi.

Ana roƙon duk wanda wannan ɗan littafi ya shiga hannunsa ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, musamman dattawa da masu aikin ƙarfi, domin da hannu ake noma, da shi ake sana'a, da shi ake ciyar da iyali. Lafiya uwar jiki.